Wasiƙa zuwa ga 'yata, malamar aji biyar

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Mahaifiyarki ta faɗa mini abin da ya dame ki, wai kin rubuta 0.5 da 0.125 a allo, kin tambayi wadda ta fi girma, kusan duk ajin suka ce 0.125. Kada ranki ya ɓaci, kada kuma ki ɗauka yaran ba su da kai. Shekara huɗu ana koya musu cewa lambar da ta fi tsawo ita ce babba, 125 ta fi 5. Abin da suka sani ne suka kawo shi inda ba ya aiki.

Ki fara da bakinsu. Kada ki bar yaro ya karanta 0.25 da "sifili ɗigo ashirin da biyar". Ya ce "sifili ɗigo biyu biyar". Wanda ya ce ashirin da biyar, kunnensa ya riga ya gaya masa ta fi biyar, ko me za ki faɗa daga baya.

Mu a zamaninmu kuɗi ne ya taimake mu. Tun da aka bar fam da sule a ranar 1 ga Janairu, 1973, aka koma naira mai kwabo ɗari, duk yaron da aka taɓa aika kasuwa ya san kwabo hamsin ya fi kwabo ashirin da biyar. Naki yaran ba su taɓa riƙe kwabo ba, don haka ki koma ga awo. Ki sami sanda mai tsawon mita ɗaya, ki raba ta gida goma. Ki yanko igiya mai gida biyar, 0.5 ke nan. Ki yanko wata mai gida ɗaya da rubu'in gida, ita ce 0.125. Ki kira yara biyu gaban aji, kowa ya riƙe tasa, su haɗa su. Ki yi shiru ki dubi fuskokin sauran. Sai sun ga haka sannan ki ba su hanya: ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, a fara daga hagu, gurbi bayan gurbi, inda aka fara samun bambanci nan magana ta ƙare. Tsakanin 3.47 da 3.5, uku da uku sun yi daidai, biyar ta fi huɗu, bakwai ɗin nan ba ta da ta cewa.

Akwai kuskuren da na yi wanda har yau yana damuna. Na daɗe ina koya wa yara su cike gurbi da sifili, 0.5 ta zama 0.500, sai su kwatanta. Dabarar daidai ce, amma ban nuna musu dalilinta ba. Wata rana wata yarinya ta rubuta 0.005, ta sa nata sifilin nan da nan bayan ɗigo. Na yi mata faɗa har ta yi kuka, alhali ni ne ban taɓa nuna mata cewa 0.5 rabin sanda ce, 0.005 kuwa ba ta kai faɗin farce ba.

Ki kula kuma, bayan gyara wasu za su juya su ce gajeriyar lamba ce kullum babba. Ki jarraba su da 0.3 da 0.35.

Idan sun fara kama hanya, ki ba su abin da suke ji a Islamiyya. Zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar ushuri ce, 0.1. Na ban ruwa da wahala rabin ushuri, 0.05. Ta kuɗi rubu'in ushuri, 0.025. Su jera su daga babba zuwa ƙarama da kansu.

Tsohuwar sandata ta mita tana nan bayan ƙofa, ƙanenki zai kawo miki ranar Juma'a. Ki sanar da ni yadda suka yi da 0.3 da 0.35. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan jikokina. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki