Barka da Ista, a karanta a gaban Auta

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Barkanmu da Ista. Ya tashi, hakika ya tashi! Ina fata kuna lafiya, da Yaya da maigidanta da yara. Mama, yaya ƙafar? Ni lafiya lau nake, aiki sai godiya. Sanyi ya fara sauƙi a nan, ko da yake har yanzu ba na fita sai da rigar sanyi.

Wannan ce Ista ta huɗu da na yi ba a cikinku ba. Na saba kira, amma maganar da ke bakina yau, in na ce a waya zan faɗe ta, murya za ta ƙi fita. Shi ya sa na zauna na rubuta. Don Allah a kira Auta ya zauna kafin a karanta.

Kun san shekara biyu ke nan rabona da yi masa magana, tun da kuɗin da na turo a ajiye mini suka salwanta a hannunsa. Baba ya yi mini faɗa, Mama ta yi kuka, na ce na ji, alhali zuciyata tana nan yadda take. Kowace Lahadi ina majami'a. In muna Addu'ar Ubangiji aka zo wurin roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in rage murya, sai ka ce Allah ba ya jin raɗa.

Daren Juma'ar nan ina aikin dare. Da aka ba mu hutun rabin awa na zauna a ɗakin hutawa ni kaɗai, na buɗe Matiyu sura 18, inda Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa. Tun muna yara Baba yake karanta mana misalin da ya biyo baya, na bawan da sarki yake binsa talanti 10,000 ya yafe masa, shi kuwa yana fita ya shaƙe abokin bautarsa a kan dinari 100. Sai dai ban taɓa yin lissafin ba sai ranar. Dinari ɗaya ladan aikin yini guda ne, talanti ɗaya kuwa kusan dinari 6,000. Na ɗauko waya na buga. Bashin bawan ya kai ladan yini miliyan 60, wato sama da shekara 160,000 yana aiki ba fashi. Kuma wai mutumin nan har yana ce wa sarki ya yi masa haƙuri zai biya duka! Na yi dariya ni kaɗai, dariyar kuma ba ta yi nisa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dinari 100 ɗin. Ladan wata uku ne da ɗoriya. Wanda yake tsayuwar awa goma a wurin aiki ya san wata uku ba wasa ba ne. Yesu bai ce ba a cuci bawan ba, yana da gaskiyarsa kamar yadda nake da tawa. Mantuwa ce ta ci shi, ya manta daga gaban wa ya fito. Sai na ji kamar ni ake nunawa da yatsa, yadda annabi Natan ya ce wa Dauda shi ne mutumin.

Baba, kun san halina kafin in baro gida. Wani kun sani, wani kuwa daga ni sai Allah. Ban biya ko ɗaya ba. Na furta, aka yafe, kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta alkawarta. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai samu ko yini guda na gyara halinsa ba, hannuwansa a kafe, duk da haka a ranar aka yi masa alkawarin Firdausi. Amma bashin da aka yafe ba ɓacewa yake yi ba, wani ne yake ɗaukar asarar. A misalin nan sarki ne ya ɗauka. A kan gicciye Almasihu ne ya ɗauki tamu. Ni kuwa ina so in yafe, ina kuma so kuɗina su dawo, shi ya sa na kasa.

Auta, kai nake wa magana yanzu. Na yafe maka kuɗin nan, kada ka sake kwana da su a rai. Ba zan ɓoye maka ba, ba gobe zan sake damƙa maka ajiya ba, wannan sai a hankali. Amma ba na binka komai. Ka karanta Yohanna 21 in ka samu zama. A bakin wutar gawayi Bitrus ya yi mūsun sanin Yesu, bayan tashinsa kuma a bakin wutar gawayi Yesu ya same shi. Bai ce ya kawo bayani ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, ya ba shi kiwon tumakinsa.

Ni ma ina da nawa laifin a wurinka. Saƙon muryar da na tura maka a lokacin, inda na kira ka ɓarawo, na kuma tura wa Yaya don ta ji, bai dace da yaya ga ƙaninsa ba. Ka yafe mini. Baba da Mama, ku ma ku gafarce ni da na ƙi jin maganarku har tsawon wannan lokaci.

Zan kira yau da yamma in kun dawo daga sujada. Mama, don Allah kada a bar shi ya sulale waje, shi za a fara miƙa wa wayar.

Ɗanku mai ƙaunarku.