A gwada injekta kafin a ce ya mutu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da masu motocin gas da janareto a Kaduna, da kuma 'yan'uwana kanikawa. Sana'ata gyaran injekta da famfon gas. A Panteka na koya wajen maigidana, Allah Ya jiƙansa, kuma a nan nake aiki har yau. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne asarar da nake ganin mutane suna tafkawa a kan injekta, alhali yawancinta da an kula da ba a yi ta ba.

Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai injekta ya fesa gas a ciki, wuta ta kama. Dole feshin nan ya fita kamar hazo, a kan lokaci, daidai gwargwado, ya kuma yanke tsaf ba ɗiga. Tsofaffin injina irin na Marsandi 911 da Hilux mai injin 5L, nozul ɗinsu, wato bakin injekta mai feshin, na buɗewa ne da matsin bar (ma'aunin matsi) 150 zuwa 250, kuma suna da haƙuri. Amma tun da kamfanin Denso ya fito da tsarin kwaman rel, inda bututu ɗaya mai matsi sosai ke raba wa duk injektoci gas, a manyan motocin Japan a 1995, Bosch ya kawo shi cikin ƙananan motoci a 1997, zance ya canza. Hilux mai injin 1KD ko 2KD da sababbin tireloli suna aiki da matsin da ya haura bar 1,300, wasu har 2,000, kuma kwamfuta ce ke buɗe injekta ta rufe. Ramukan bakin nozul ba su kai rabin rabin milimita ba. Tsakanin allurar da ke buɗe nozul ta rufe da gidanta kuwa, ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta karce su.

Mu kuma ga irin gas ɗin da muke zuba masa. Direba ya tsaya wajen 'yan bumburutu a hanyar Zariya ko Mararrabar Jos, a juye masa jarkar da ta kwana a buɗe cikin ƙurar hunturu, da mazurarin da ake ajiyewa a ƙasa. Da damina ruwa na shiga tankunan ƙarƙashin ƙasa. Tankin motar da ake bari kusan wayam kullum shi ma yana tara raɓa cikin dare. Ruwa na sa allura tsatsa, yana iya fasa bakin nozul. Gas ɗin da aka gauraya da kalanzir ko fetur kuma ba shi da santsi, alhali gas ɗin da kansa shi ne man da ke shafe famfo da allura. Idan famfo ya soma cin kansa, garin ƙarfen da yake zubarwa duk injektocin yake bi.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini Hilux daga Kakuri. Ba ta tashi da safe sai da ƙyar, ga farin hayaƙi, ga karkarwa idan tana silo. An riga an ce masa injekta huɗun duk sun mutu, har ya sayo na Beljiyam an ɗaura, bayan ɗan lokaci ciwon ya dawo. Na ce, "Alhaji, yaushe rabonka da canza filtar gas?" Ya yi shiru. Muka kwance ta muka juye a farar kwalba a gabansa. Gas ya tsaya a sama, ruwa ya kwanta a ƙasa, ga jan laka a gindi. Da muka gwada tsofaffin injektocinsa da ya zo da su a leda, ɗaya ne kawai ya lalace. Kuɗin ukun nan sun isa su saya masa filta mai kyau ta shekaru.

Shi ya sa nake cewa a gwada tukuna. Gwajin farko ma ba ya buƙatar wata babbar na'ura: a sa 'yan kwalabe masu awo a bututun da ke mayar da rarar gas tanki, a tayar da injin, injektan da ya cika kwalbarsa kafin sauran shi ne ke zubarwa ta ciki. Baƙin hayaƙi da rashin jan kaya na iya zama toshewar filtar iska ko matsalar tobo, babu ruwan injekta. Amma idan injin na ƙwanƙwasa, ko aka ga baƙin mai yana ƙaruwa a sandar awo yana warin gas, to a kashe motar nan take. Nozul mai ɗiga yana wanke man jikin silinda, yana iya huda fistin, aikin ya koma na sauke injin gaba ɗaya.

Mu kanikawa ma da namu. Har yanzu akwai masu tsokale ramin nozul da waya, ramin ya buɗe, feshi ya lalace har abada. Akwai masu kwance injekta a kan buhu a ƙasa, iska na kaɗa yashi. Akwai masu mayar da tsohuwar washar jan ƙarfe don gudun kashe 'yan kuɗi kaɗan, sai hayaƙi ya riƙa tsiyaya ta gefe, baƙin kwalta ya daskare ya riƙe injektan, ranar cirewa a sha wuya. Sabon injekta na kwaman rel yana zuwa da lambobi a kansa da ya kamata a shigar wa kwamfutar mota, da yawa ba sa yi, sai mai mota ya ce an sayar masa da jabu. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne yaran da ke sassauta bututun gas injin na aiki don gano silindar da ba ta ci, kamar yadda muke yi a tsofaffin injina. A kwaman rel, gas ɗin da zai fito yana huda fata ya shige nama, ana iya rasa yatsa ko hannu a kan haka. Don Allah iyayen gida a hana su.

Masu mota, araha ba ta ado. A sayi filta ta gaske, a canza ta a kan kari, a riƙa buɗe 'yar kusar da ke ƙarƙashinta ana zubar da ruwa, a kuma tsaya a gidan mai ɗaya da aka yarda da shi.

Ina kira ga hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur da gas ta riƙa ɗibar gas a gidajen man Kaduna tana aunawa ba tare da sanarwa ba, musamman da damina. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha kuma, wadda hedikwatarta ke nan garin, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su samar da na'urar gwajin injektan kwaman rel a ɗaki mai tsabta inda yaranmu za su koya da hannunsu, domin tsadarta ta fi ƙarfin ƙaramin bakanike shi kaɗai. Idan aka buɗe ajin yamma bayan an tashi daga gareji, ni da yarana za mu zo mu yi rajista.

Wassalam.

Daga wani mai gyaran injekta,
Panteka, Kaduna.