Anti ki ba ni shawara, in biya bashin kati ko in riƙe ɗan abin da na tara?

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya gida ya yara? Ni mai sauraron shirinki ce daga nan Bronx a birnin New York, ta intanet nake kama ku. Dan Allah ki sakaya sunana, don 'yan unguwarmu a Kano ba sa bari shirin nan ya wuce su.

Shekarata 6 a Amurka, aikin kula da tsofaffi nake a gidajensu, biyan awa ne, in ban fita ba ba ko sisi. Da na zo kowa ce min yake sai kin yi katin bashi, don a ƙasar nan wanda bai taɓa cin bashi ba kamar babu shi ne, akwai wani maki da suke ba mutum daga 300 zuwa 850, ko ɗaki za ki kama sai mai gida ya duba shi. To na yi katin, kuma da farko lafiya lau, in sayi kayan miya da shi, wata na ƙarewa in biya duka, ba ruwan da ke hawa kaina.

Sai 2023 Hajiyarmu ta kwanta ciwon ƙoda, aka ce sai wankin ƙoda sau biyu a sati. Kin san shekarar ce aka cire tallafin mai aka saki naira, dalar da ake canzawa wajen 460 a banki ta bi ta haura 1,500 a farkon 2024, shikenan sai kowa a gida ya ɗauka ni na zama banki. Su lissafin canji kawai suke yi Anti, ba wanda ke tambayar nawa nake biyan haya. Na sayi tikitin jirgi na gaggawa da kati, na dinga tura kuɗin asibiti da kati, ashe in ka tura kuɗi da irin katin nan ɗauka suke kamar tsabar kuɗi ka cira, su caje ka na cirewa sannan ruwan ya fara hawa tun ranar, ni wlh ban sani ba sai da takarda ta zo. Allah ya yi wa Hajiya rasuwa bara, ban yi nadamar ko dala ɗaya da na kashe mata ba, amma bashin yana nan daram.

Yanzu kati biyu ne a kaina. Ɗaya dala 6,000 ruwansa kashi 27 cikin ɗari a shekara, ɗayan 2,800 kashi 19. Da na zauna na buga lissafi ruwa kaɗai wajen dala 180 yake ci duk wata, shi ya sa ɗan abin da suke cewa dole a biya, minimom ɗin nan, in na biya sai in ga uwar kuɗin ko motsi ba ta yi ba, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. A jikin takardar wata-wata akwai wani ɗan akwati da suke rubuta shekarun da za ka ɗauka in minimom kawai kake biya, ranar da na karanta nawa ko abincin dare ban iya ci ba.

Ga inda kaina ya ɗaure. Ina da dala 3,500 da na tara a asusun ajiya, da ƙyar da jiɓin goshi, ashirin yau hamsin gobe. Bankin kashi 4 yake ba ni a kai, wato kamar dala 12 a wata, kin ga ana ba ni da cokali ana kwasa da ludayi. Wata ƙawata 'yar Kumasi da muke aiki tare ta ce hauka nake, in kwashe duka in zuba wa katin mai kashi 27 tun yau. A lissafi ta fi ni gaskiya, na sani. Amma Anti kuɗin nan shi ne barcina. Tsohuwar da nake kula da ita ta haura 90, ranar da ta rasu ko 'ya'yanta suka kai ta gidan tsofaffi zan iya yin sati uku ban samu wani gidan ba, haya kuwa ba ta jira. In na kwashe ajiyar sannan wani abu ya taso, ai katin dai zan koma in goga, an gudu ba a tsira ba kenan.

Sannan ina cikin adashe da matan masallacinmu, mu 10 ne, dala 400 duk wata, kwasata saura wata uku, dala 4,000. Tun yanzu Yaya ya fara kira wai a yi rufin ginin da na fara a gida kafin damina ta lalata bulo. Bai san da bashin ba, ba wanda ya sani, kunya nake ji a ce wadda ke Amurka ita ake bi. Ni kuma zuciyata na ce min wane irin gini ne wannan, ana ɗora kwano a can ruwa na cin mai ginin a nan.

Akwai kuma masu cewa in buɗe sabon kati in mayar da bashin can, suna ba da wata 12 zuwa 18 ba ruwa, sai dai su cire kashi 3 zuwa 5 na mayarwa. Tsorona kar in wayi gari da kati uku maimakon biyu, don na san halina in aka kira ni daga gida ana kuka ba na iya cewa babu.

Abin da ya fi damuna ma maganar riba ce. Duk wata in na ga layin ruwan nan sai gabana ya faɗi, har ɗan dala 12 da banki ke ba ni ban san ya zan yi da shi ba, in cire in bayar ne ko in rage bashin da shi?

To Anti ki duba min. Nawa ya kamata in bari a ajiya don ko-ta-kwana, wata nawa na haya? Kuɗin adashen in zuba wa babban katin ko in fara kashe ƙaramin in huta da guda ɗaya? In na kwasa in ci gaba da shiga sabon zagaye ko in dakata har sai na fita? Kuma ta yaya zan faɗa wa Yaya rufin nan ba bana ba, ba tare da ya ce na canza tunda Hajiya ta rasu? In da hali ki haɗa da malamin da kike gayyatowa ranar Juma'a ya taɓa maganar ribar.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
'Yar Kano a Bronx