Kada ki ƙara kulle ƙofar nan

'Yata,

Kada ki ga laifin ƙanwarki, ni na matsa mata lamba har ta faɗa. Ta ce daren Talata, kina gama allurar Copaxone ta MS ɗinki, ciwon nan mai taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, fuskarki ta ɗau zafi, ƙirjinki ya ɗaure, zuciya na dukan uku-uku. Kin zauna a ƙasan banɗaki kusan minti 20, ƙofa a kulle, tana bugawa kina cewa ba komai. Washegari muka yi waya, kika ce mini lafiya lau.

Na san amsarki. Likita ya ce wasu kan ji haka jim kaɗan bayan allura, kuma yana wucewa da kansa. Ina zaune a wurin ya faɗa. Ban kuma manta da zamanin tsohuwar allurarki ta interferon ba, da MS ɗin yana sabo: zazzaɓi da rawar sanyi duk daren allura, ina jiƙa tsumma, ina ƙirga awannin parasitamol. Mun ga wannan, ya wuce.

Abin da ya hana ni barci daban ne. A Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan allurar Copaxone, saboda jikin mutum na iya yi mata mummunan bore ko da ya shekara yana yin ta lafiya. Ba kasafai ba ne, na sani. Amma farkonsa yana kama da abin da kika saba, sai dai shi ba ya lafawa, gaba yake yi. Borin jini, kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, numfashi yana sarƙewa: wannan na asibiti ne nan take. To ki gaya mini, wanda maƙogwaronsa ya toshe, da wane baki zai ce a ɓalle ƙofa?

Taurin kan nan na babanki ne, ban raba ɗaya biyu ba. Kin ce ina sa miki ido kamar jaririya, na haɗiye, na bar ki kika tafi. Ashe sakayyata ke nan, in ji labarinki a bakin yarinya.

Ban ce ki daina magani ba, kada ki juya mini magana. Ki kira likitanki kafin allura ta gaba, ki faɗa masa komai, har da minti 20 ɗin. Ki riƙa yin ta da mutum a kusa, waya a hannu. Ki kuma bar wa cinyar hagun nan haka, na ga inda fatar ta lotsa, kuma irin wannan ba ya cikowa. Ga ciki, ga ƙugu, ga damtse, ki riƙa zagayawa.

In kunya ce ta sa ba kya son a gan ki, kira ni kawai ki ajiye wayar a gefe. Ba zan ce uffan ba, numfashinki kaɗai nake son ji.

Allah ya ba ki lafiya.

Mamanki