A Rage wa Daɓen Katako Ruwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu gidajen da aka shimfiɗa wa daɓen katako, da waɗanda ke yi musu shara da goge-goge, a kan wata ɗabi'a da ke cin dukiyar mutane a hankali, wato wanke katako da ruwa kamar yadda ake wanke siminti ko tayil. Ni kaina na daɗe ina yin haka da kyakkyawar niyya, har ranar da na lura allunan da ke bakin ƙofar ɗakin girkina sun ɗaga gefuna, tsakiyarsu ta lotsa kamar cikin kwalekwale, kafintan da na kira kuma ya nuna mini cewa bokitina ne ya yi ɓarnar.

Ko bayan an sare itace, an tsaga shi, an busar, katako ba ya daina shan laima daga iska da kuma mayar da ita. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke, kuma kusan duk wannan motsi ta faɗi yake yinsa, tsawonsa bai cika canjawa ba. Shi ya sa mai shimfiɗa daɓe da ya san aikinsa yake barin rata ta kimanin milimita 10 ko fiye tsakanin katako da bango, ya rufe ta da allon gindin bango. Masu wannan sana'a sukan so laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari. To, idan laimar iska kaɗai tana motsa katako haka, ina ga ruwan da ake kwarara masa kowace safiya? Ruwan yana bin tsagar da ke tsakanin allo da allo ya gangara ƙasa inda iska ba ta kaiwa, sama ta bushe cikin mintoci, ƙasa ta kwana a jiƙe, sai allon ya lanƙwashe. Ƙananan tsagogin da ke buɗewa da rani kuwa ba abin damuwa ba ne, damina za ta rufe su, kuma wanda ya cusa musu abu mai tauri ya hana katakon wurin kumbura.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, a yawancin gidaje ƙafarmu ba ta taɓa katakon kansa, abin da aka shafa masa take takawa, kuma wannan shafin ne muke tsabtacewa. Wani daɓen an rufe shi da foliyuretan, wanda ke bushewa ya zama siririyar fata mai sheƙi a sama. Wani kuma mai aka shafa masa, ko kaki, wanda ke nutsewa cikin katakon. Sanin wanne ne a ɗakinka wajibi ne, domin idan aka shafa kaki a kan foliyuretan daɓen zai yi santsi, sannan ranar da aka so sabunta shafin, sabon ba zai kama ba. Ana iya gwada lafiyar shafi da ɗigon ruwa ɗaya a inda aka fi takawa: idan ya tsaya a dunƙule, shafin yana nan, idan kuwa ya nutse ya bar duhu, katakon ya tsiraita, yana bukatar sabon shafi tun kafin datti ya shige shi.

Bayan ruwa, babban mai cin daɓe shi ne yashin da ke shigowa a ƙarƙashin takalmi, domin kowane taku yana murza shi a kan shafin kamar samfefa. Maganinsa mai sauƙi ne: abin goge ƙafa a waje da cikin ƙofa, shara da tsintsiya mai laushi ko na'urar zuƙe ƙura mai bakin burushi, da ɗan yankin bargo mai kauri da za a manna a ƙarƙashin ƙafafun kujeru da tebura. Kaya mai nauyi a ɗaga shi, kada a ja. Idan an zo goge daɓen, a matse tsumma sosai har ya daina ɗiga, a bi tsawon allunan, ta yadda wurin zai bushe cikin minti ɗaya ko biyu. Abin da ya zube a share shi nan take.

Akwai shawarwarin da ke yawo waɗanda nake roƙon a yi hattara da su. Ruwan khal yana da tsami, kuma yawan amfani da shi yana dusashe sheƙin shafi. Bilic da amoniya sun fi shi ɓarna. Na'urar goge daɓe da tururi, wadda ake yabo saboda ba ta barin ruwa a sama, zafi da danshi take turawa cikin tsagogi, wato inda ake gudun su shiga. Haka nan bokitin ƙarfe ko gwangwani da aka ajiye a jiƙe yana barin baƙin zobe a kan katako mai yawan tanin, sinadarin nan da ake jeme fata da shi, domin haɗuwarsa da ƙarfe da ruwa baƙi take haifarwa.

Wasu za su ce ai in daɓe ya lalace sai a kankare shi da inji a sake shafawa. Gaskiya ne, amma kankara tana da iyaka. Allon katako zalla yakan kai kaurin milimita 18 ko 19, sai dai abin da za a iya ci a samansa bai wuce kimanin milimita 6 ba kafin a kai ga haɗin da ke riƙe allunan, allon da aka manna wa siririn katako a sama kuwa yawanci bai kai haka ba, laminet kuma, wato allon da hoton katako ne kawai aka manna a samansa, ba ya kankaruwa sam. Ƙara sabon shafi kafin tsohon ya cinye ya fi sauƙi, kuma ba ya rage kaurin allo.

Ga masu daɓen mai, akwai gargaɗi guda da ya shafi rai. Tsumman da aka shafa mai irin wanda ke bushewa a iska da shi, idan aka dunƙule shi aka jefa a kwandon shara, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe a waje har ya bushe, ko a tsoma shi cikin ruwa a gwangwani mai murfi, kafin a zubar.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.