Malaman jami'a su riƙa faɗin bugun littafin da suke nufi

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in bayyana abin da ya same mu a babban kantin littattafai na wata jami'a, ranar da na raka 'yata sayen littattafan zangonta na farko.

Sai da muka ratsa riguna da huluna da kofuna masu tambarin jami'a kafin idonmu ya kai ga littafi ko ɗaya, domin an mayar da littattafan can ƙurya a hawa na sama. Ban ga laifin kanti ya nemi riba ba, kuma tsarin wurin ya burge ni, an jera komai bisa lambar kwas, ma'aikatan kuma suna da haƙuri duk da tsawon layi.

Matsalar ta taso ne a kan littafin kimiyyar sinadarai. Mun tarar da kwafi biyu kusa da juna: sabon bugu a naɗe cikin leda, da wani kati a ciki mai lambar sirri ta shiga aikin gida a intanet, sai kuma tsohon bugu na hannu, mai tsabta, wanda wani ɗalibi ya yi wa 'yan rubuce-rubuce da fensir a gefen shafi. 'Yata ta riƙe na hannun, ta ce mini, "Baba, wannan ya ishe ni." Ma'aikaciyar ta nemi lambar ISBN, wato lambar nan da ke bayan littafi, wadda tun 2007 ta koma mai alƙaluma 13, kuma kowane bugu yana da tasa. Takardar da malamin ya bayar ba ta ɗauke da komai sai sunan littafi da na marubuci. Ta kuma gargaɗe mu cewa da zarar an yage ledar ba a karɓar littafin, lambar sirrin kuma mutum ɗaya kaɗai take yi wa aiki. Tsoron kada yarinya ta rasa makin aikin gida ya sa na biya kuɗin sabon. Bayan mako biyu malamin ya shaida wa aji cewa tsohon bugun ya wadatar, kuma shi ba ya amfani da shafin intanet ɗin. Har yau katin yana cikin littafin, ba a ko kankare shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cewa wannan kati yana kashe kasuwar littafin hannu, wadda ita ce madogarar ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi. A da, littafi ɗaya yakan bi hannun ɗalibai uku ko huɗu. Yanzu wanda aka ɗaura wa lambar sirri darajarsa takan zube bayan zango ɗaya. Ya kamata a tuna cewa wasu daga cikin irin waɗannan kantuna ɗalibai ne suka kafa su domin sauƙaƙa wa junansu, kamar kantin haɗin gwiwa na Jami'ar Harvard da aka buɗe a 1882.

Maganin kuma ba ɓoyayye ba ne. A Amurka, dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta buƙaci jami'o'in da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya su sanya lambar ISBN da farashin littafi a jadawalin kwasa-kwasai, ta kuma buƙaci kamfanonin ɗab'i su riƙa sayar da littafi daban, kayan da ake haɗa shi da su daban. Haka nan shirin OpenStax na Jami'ar Rice yana fitar da littattafan karatu kyauta a intanet tun 2012.

Saboda haka ina kira ga malamai da su rubuta lambar littafi da bugunsa kafin a buɗe zango, su faɗa ƙarara ko tsohon bugu ya isa, da kuma ko ana buƙatar katin. Masu kantin kuma su manna wannan bayani a jikin kanta, inda uba da 'yarsa za su karanta shi kafin su isa wurin biyan kuɗi.

Naka,
Wani uba mai 'ya a jami'a