Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Masu Kyanwa da Kare

Assalamu alaikum,

Muna godiya da amanar da kuke ba mu kan lafiyar dabbobinku. Abin da ya sa muka rubuto shi ne wata tambaya da ta yawaita a wurinmu: "Kyanwata ba ta da lafiya, in ɓantara mata farasitamol?" Amsarmu a'a ce, ko da kwatan ƙwaya ne.

Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda ta mutum ke yi. Sai maganin ya ɓata jini, ya kasa ɗaukar iskar oksijin. Cikin 'yan awoyi za ku ga tana haki, fuska da tafukan ƙafafu sun kumbura, in kun ɗaga leɓenta ku tarar dasashin ya koma ruwan ƙasa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta hallaka ta. Akwai makari, ana kiransa acetylcysteine, amma sai an zo da wuri yake yin aiki.

Shi kuwa kare, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna cikin waɗanda suka fi yi masa illa: suna jawo gyambon ciki, suna lalata ƙoda. Alamarsu amai da baƙin kashi kamar kwalta. Kuma ba sai an ba shi ba. In kun manta katin magani a kan kujera, zai tauna shi har da ledar. Ko man ciwon gaɓɓai da kuka shafa a gwiwa, lasarsa haɗari ce. 

Gaskiya ne likitan dabbobi kan rubuta wasu magungunan mutane, amma sai ya auna nauyin dabbar ya san abin da ke damunta. Abin da ya yi wa karen maƙwabci ba lallai ya yi wa naku ba.

In abin ya riga ya faru, kada ku ɗura ruwan gishiri don a yi amai, kada ku ba da madara, kada kuma ku jira alamu, domin ƙoda kan kwana kafin ta nuna. Ku ɗauko kwalin maganin, ku duba nawa suka ɓace, ku tuna lokacin, ku kira mu ko likitan dabbobi mafi kusa nan take.

Naku,
Ma'aikatan shagon magungunan dabbobi